Sunan Wifi da Mabuɗin Rauta: Jawabin Ofishin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, dillalai, direbobi da yaran shago, da baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina da Kano suka same mu a nan Maraɗi, muna yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da rufin asiri.

Ma'aji ya karanta lissafin kuɗi, shugaba ya yi maganar hanya da ta duwan. Mu a ofishin magatakarda, ɗan lokacin da aka ba mu za mu kashe shi ne a kan wani ƙaramin akwati mai ƴan fitilu, wanda yanzu da wuya ka shiga magaza ko babban shago ba ka gan shi a rataye ba. Wasu na ce masa wifi, wasu modem, ƴan'uwanmu na tsallake suna ce masa rauta. Shi ne ake saka wa layi, ya jawo intanet, ya rarraba wa wayoyin da ke kusa.

Wani dattijo zai iya cewa, ina ruwan taron ƴan kasuwa da kayan yara? Ruwanmu a ciki shi ne yadda kasuwar ta sauya a gabanmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamba 2020 aka fara buɗewa. A ƙarshen 2022 aka canza takardun naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, wanda bai taɓa karɓar taransifa ba ma dole ya koya. Bayan Yuli 2023 iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da ƙafa ta kasa tsallakawa, waya ce ta tsallaka. Yau farashin gero da wake daga Dawanau ta WhatsApp yake iso mana. Samfurin atamfa daga Kantin Kwari a hoto muke ganinsa. Yadda naira ta kwana da sefa, da takardar kaya da direba ya ɗauka a hanya, da shaidar an tura kuɗi, duk ta wannan akwati suke bi. Abin da dukiyarka ke bi ta cikinsa kuwa ya wuce a bar wa yaro shi kaɗai.

A rauta akwai abubuwa uku da ya kamata mai shago ya sani da kansa. Akwai sunan wifi, wanda yake kamar allon da ke saman shago, kowa na karantawa. Akwai kalmar sirri ta wifi, wadda muka fi sani da kod, ita ce mabuɗin ƙofa. Akwai kuma kalmar sirri ta biyu, ta shiga shafin saitin rautar kanta, wadda take kamar mabuɗin akwatin kuɗi. Yawancin koke-koken da ke iso mana ofis daga wannan ta ukun suke tasowa, saboda mutane da dama ba su ma san da ita ba.

Mu fara da suna, tunda Hausawa sun ce suna linzami ne. Rauta ba ta yin shiru. Dare da rana tana shelar sunanta ga duk wayar da ta zo kusa, ko mai wayar yana da kod ko ba ya da shi. Ɗan kabu-kabu da ya tsaya a ƙofar gidanka, da baƙon da ya zauna shan shayi a tsallaken titi, duk za su ga sunan idan suka buɗe wifi. To ku duba irin sunayen da muke sakawa: "Alhaji Wane Mai Canji", "Gidan Hajiya Wance", "Magazar Wane", wani ma har da lambar wayarsa. Ƴan'uwa, kowa a nan ya san halin da yankin iyaka yake ciki, daga Madarunfa har Jibiya. Mun san yadda masu satar mutane ke neman wanda zai nuna musu gida. Mutum ya gina katanga mai tsawo, ya hana a rubuta sunansa a ƙofa, sannan akwatin da ke cikin falonsa yana faɗa wa duk mai wucewa gidan wane ne da sana'ar da yake yi.

Maganar ba ta tsaya a bakin titi ba. Manyan kamfanoni irin su Google suna tattara bayanan wuraren da rautoci suke, suna amfani da su wajen gane inda waya take a taswira. Tun 2011 Google ta sanar cewa wanda ba ya so a saka rautarsa a wannan lissafi ya ƙara _nomap a ƙarshen sunan. Wanda ya ga dama zai iya yin haka, musamman ga ta gida.

Barin sunan da kamfani ya saka ma yana da nasa aibi. Idan sunan ya fara da HUAWEI ko ZTE ko TP-Link ko Tenda, ka gaya wa wanda ya san harkar irin rautar da kake da ita, shi kuma ya san adireshin shafinta da kalmar da irinta ke zuwa da ita daga kamfani. Kuma a layin shaguna inda mutum biyar suka sayi iri ɗaya, yaronka zai yi ta laluben wacce ce taku.

Shawararmu ita ce a zaɓi gajeren suna wanda mutanen gida za su gane, amma ba ya nuna mutum ko sana'a ko lambar ƙofa. Sunan itace ko tsuntsu ya isa, a haɗa da lamba biyu: Gawo27, Kurciya58, irin wannan. Ka'ida ta ba da gurbi 32 ne kawai ga suna. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kowannensu gurbi biyu yake ci, kuma wasu tsofaffin wayoyi da injinan buga takarda suna nuna su a hargitse ko su ƙi haɗuwa. Saboda haka a nan kaɗai a yi haƙuri a rubuta da haruffa marasa lanƙwasa.

Muna kuma roƙon samari su daina mayar da sunan wifi allon habaici. Mun ga "Ku Sayi Naku", mun ga "Wane Biya Bashi", mun ga wanda ya saka zagi, mun ga na siyasa. Abin dariya ne a ranar farko, amma abokin cinikinka daga Kano ko Damagaram shi ma yana karantawa, kuma maƙwabcin da aka yi dominsa ya san da shi ake. Rigimar da aka fara a sunan wifi ta taɓa kai mutum biyu gaban dattawan ƙungiyar nan, kuma bai kamata a sake ba.

Wasu suna ɓoye sunan gaba ɗaya, suna ganin sun tsira. Ɓoyewa tana rage masu roƙon kod, wannan gaskiya ne. Amma wanda ke da manhajar bincike zai gano sunan cikin ɗan lokaci, kuma wayarka za ta riƙa kiran wannan suna duk inda ka je tana nemansa. Kada a dogara da ɓoyewa a bar kod mai rauni.

Akwai wani abu game da suna da muke so direbobi da masu yawan tafiya su riƙe. Ba wanda ya mallaki suna a wifi. Kowa na iya buɗe wifi a wayarsa ya sa masa sunan otal, ko na tasha, ko na ofishin ƙungiyarmu. Idan ka ga suna biyu iri ɗaya, ɗaya da alamar kwaɗo ɗaya a buɗe, ka tambayi mai wurin kafin ka shiga. Idan ka shiga wifi sai wani shafi ya fito yana neman lambar sirrin bankinka, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, ka fita nan take. Wanda ya samu lambobin nan shida ya karɓe WhatsApp ɗinka, kuma abu na farko da zai yi shi ne ya bi abokan cinikinka da sunanka yana neman a tura kuɗi. Harkar kuɗi a kan hanya a yi ta da forfen wayarka ya fi.

Sai kod, mabuɗin ƙofa. Ka'ida ta yarda da harafi 8 har zuwa 63, amma yawancinmu a 8 muke tsayawa, kuma ɓarawo ya san abin da muke sakawa: 12345678, lambar wayar da ke rubuce a allon shago, lambar mota, sunan ɗan fari da shekarar haihuwarsa. Tsawo shi ne ƙarfin kod. Ka ɗauki kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka jera su, ka sa lamba a tsakani, kamar a ce rakumi da tulu da 47 da albasa da gajimare a haɗe. Kai ba za ka manta ba, mai hasashe kuma zai sha wuya. Wannan misali ne kawai, tunda an faɗe shi a taro kada kowa ya ɗauka.

Da yawa suna tambayarmu, yaya aka yi mutum ɗaya na ba kod amma unguwa duka ta samu? Amsar tana cikin wayoyin zamani. Daga Android 10 zuwa sama, duk wanda ya shiga wifi ɗinka zai iya fito da wani hoto mai murabba'i da ake kira QR, wani ya haska da wayarsa ya shiga ba tare da ya rubuta komai ba. Ko da kai ka karɓi wayar ka rubuta masa kod ɗin da hannunka, bai hana ba. Shi ya sa forfen da aka saya da jika goma don ya kai ƙarshen wata yake ƙarewa a sati biyu, ana ta zargin kamfani, alhali yara ne ke kallon bidiyo a bayan shago.

Maganin wannan yana cikin rautar. Da yawansu suna ba da damar buɗe wifi na biyu na baƙi, mai sunansa daban da kod ɗinsa daban. Baƙo da abokin ciniki da yaron mota a ba su na baƙi, a riƙa canza kod ɗinsa duk sati ko duk wata. Na ainihi a bar wa wayar mai shago da kwamfutar lissafi da kyamarar tsaro. Ba rowa ba ce. Kowa a nan yana ba baƙo ruwa da tabarma a zaure, amma ba ya kai shi ɗakin ajiya. Akwai kuma shafin da ke nuna wayoyin da ke haɗe a lokacin. Idan ku huɗu ne a shago ka ga goma sha biyu, kod ya fita. Toshe waya ɗaya-ɗaya ba ya dorewa, domin sababbin wayoyi suna iya sauya lambar da rauta ke gane su da ita. Canza kod shi ne ke korar kowa a lokaci guda.

A wurin saka kod za ku ga an ba da zaɓin irin kwaɗon. WEP shi ne tsoho, an daɗe da karya shi, a ƴan mintuna ake buɗe shi. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan. Rautar da ba ta da komai sai WEP lokacin ritayarta ya yi. Akwai kuma wani abu da ake kira WPS, wanda aka yi don a shiga da lamba takwas ko da danna maɓalli. A ƙarshen 2011 aka gano cewa lambar tana da rauni, gwaji kusan 11,000 ya isa a same ta, wanda ba komai ba ne ga na'ura. A kashe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga babbar maganar, mabuɗin akwatin kuɗi. Kowace rauta tana da shafin saiti. Ana shiga ne ta hanyar rubuta adireshi a wurin buɗe shafukan intanet na waya, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Yana rubuce a takardar da ke manne a bayan akwatin ko a ƙarƙashinsa. Rautoci da yawa, musamman tsofaffi, suna zuwa da kalmar admin a matsayin suna da kuma kalmar sirri. Idan ba a canza ba, duk wanda ka ba kod na wifi zai iya shiga shafin nan. Zai iya canza kod ya kulle ka a waje, zai iya ganin wayoyin da ke ciki, wanda ya ƙware ma zai iya karkatar da hanya, ka rubuta adireshin gaskiya a kai ka shafin bogi.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya. Ba ta yi wata dabara mai zurfi ba, kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa ta riƙa gwadawa. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da waɗannan na'urori aka hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da wasu manyan shafuka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi aikin ba.

Abin da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne layin da ke cikin rauta. Layin nan yana karɓar saƙon tes kamar kowane layi, kuma a shafin saiti ake karanta saƙon. Idan ka ɗauki layin da ka yi rajistar banki ko asusun kuɗin waya da shi ka saka a rauta, to lambobin tabbatarwa da ake turo maka can za su sauka, wanda ya san kalmar shafin zai karanta. Muna roƙo da babbar murya, a sayi layi daban don rauta kaɗai. A kuma tuna cewa layi da sunan mutum ake rajistarsa, a nan da takardar shaida, a Najeriya da lambar NIN. Idan wani ya yi damfara ko barazana ta wifi ɗinka, ƙofar wanda sunansa ke kan layin za a fara ƙwanƙwasawa.

Masu shaguna da magaza a bakin iyaka, irin su Ɗan Isa da Ƙonni, ku kuna da ƙarin abin lura. Rezo bai san shingen duwan ba. Rautar da aka bari ta zaɓi rezo da kanta tana iya kama na tsallake idan ya fi ƙarfi, a riƙa cajin kuɗin yawo kamar ka yi tafiya, alhali kana zaune a shagonka. A shafin saiti akwai wurin kashe intanet na yawo, akwai kuma wurin zaɓar rezo da hannu. Wanda yake ɗaukar ƙaramar rauta ta aljihu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko zuwa Illela, gara ya tanadi layin kowace ƙasa, ya sauya idan ya tsallaka.

Sauran saiti kaɗan ne. A kashe damar shiga shafin saiti daga nesa, sai in akwai dalili. Idan rauta ta nuna akwai sabunta manhajarta, a bari ta yi, kada a cire wuta a tsakiyar aikin. Wadda aka saya gwanjo ko aka karɓa hannun wani, a fara da danna ƙaramin ramin da ke bayanta da tsinke na kusan daƙiƙa goma, ta koma yadda ta fito daga kamfani, sannan a saka sabon suna da sababbin kalmomi. Wannan rami shi ne kuma dalilin da ya sa bai kamata a ajiye rauta inda kowane hannu zai kai ba.

Game da ƙarfin wifi, kafin a ce rauta ta lalace a duba inda aka ajiye ta. Ƙarfe yana tare ta, don haka cikin kwantena ko bayan ƙofar ƙarfe ko ƙarƙashin tarin buhuna ba wurinta ba ne. A ɗaga ta sama, a tsakiyar wuri, inda iska ke ratsawa, kada a manna ta da kwanon rufi a watan Afrilu. Idan tana nuna suna biyu, mai 2.4 da mai 5, na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, na 5 ya fi sauri amma a kusa. A layin da rautoci suka yi yawa suna danne juna, a gwada sauya tasha tsakanin 1 da 6 da 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Mun san yawancin iyayenmu ba da hannunsu za su yi wannan ba, yaro za a kira. Babu laifi, yaranmu sun iya, kuma sana'arsu ce. Amma an sha kawo mana ƙara iri ɗaya: wanda ya haɗa rauta ya bar aiki, ko ya koma garinsu, ko an ɓata da shi, kalmar shafin kuma tana kansa shi kaɗai. Wani lokacin yana nan a unguwa yana shan forfen tsohon maigidansa. Idan makaniki ya gyara maka mota, mabuɗin yake miƙo maka kafin ya tafi. To haka za a yi da rauta. A zauna tare da mai haɗawa, ya nuna maka sunan da kalmomin biyu, a rubuta su a littafin da ake ajiyewa tare da takardun shago, ba a jikin bango ba. Bayan ya tafi, ɗanka ko wanda ka amince da shi ya canza kalmar shafin. Duk ranar da yaron shago ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza kod kamar yadda ake canza kwaɗo.

A ɓangaren ƙungiya, ga abin da ofis yake gabatar wa shugabanni don su duba. Na ɗaya, rautar ofis ta zama kayan ƙungiya a rubuce, layinta daban, kalmar shafinta a hannun mutum biyu, shugaba da magatakarda, a miƙa ta tare da hatimi da littattafai duk lokacin da aka sauya shugabanci. Na biyu, membobi su riƙa shiga ta wifi na baƙi, kod ɗinsa a canza shi farkon kowane wata, a karɓa a ofis baki da baki. Na uku, a ware rana ɗaya a wata da samarinmu da suka iya za su zauna a ofis, duk mai so ya kawo rautarsa a duba masa a gabansa, shi ne zai rubuta kalmominsa da hannunsa ba tare da kowa ya gani ba.

Kafin wannan rana ta zo, muna roƙon kowa idan ya koma gida yau ya buɗe wifi a wayarsa daga ƙofar gida, ya karanta sunan da mai wucewa ke gani. Idan sunansa ne ko sana'arsa, a canza shi a daren nan. Aikin minti biyar ne, kuma rigakafi ya fi magani.

 Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya buɗe hanyoyi, ya kawo kasuwa mai albarka, ya maimaita mana wannan rana cikin zaman lafiya. Baƙinmu kuma Allah ya mayar da kowa gida lafiya.